Tarihin Land Rover, da abin da mai son tada tsohuwa zai fara dubawa

Jama'a, wanda ke yawon garejin Ƙonni, ko na Malbaza, ko na Illela, yakan ga wata tsohuwar mota ajiye can gefe. Tayunta sun sace, fentinta ya koɗe, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta. Tsofaffi sun san ta sarai. Ita ce Land Rover, wadda bakinmu ya mayar Landiroba. A da ita ce motar kumandan, da jandarma, da likita, da malamin dabbobi.

Yanzu akwai samari masu sha'awar sayen irin wannan mota su tada ta. Wani yana son ta don kai albasa bakin kwalta. Wani don kai marar lafiya asibiti da damina. Niyya ce mai kyau. Amma kuɗin noman rani guda na iya nutsewa cikinta ba ta ko yi tari ba. Saboda haka bari mu fara da tarihinta. Wanda ya san yadda aka ƙera ta, ya san inda ƙarfinta ya ke, ya kuma san inda rauninta ya ke.

Kafin zuwanta

Kakanninmu da jaki da raƙumi da takarkari su ke fatauci. Sarakuna da manyan mutane su hau doki. Mota baƙuwa ce a ƙasar nan. A ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923 ne wasu Faransawa suka ƙetare Sahara da motocin kamfanin Citroën, suka isa Tumbutu. A 1924 wasu motoci 8 na wannan kamfani suka biyo ta Yamai, suka nufi Damagaram da Tafkin Cadi. Ƙafafunsu na baya irin na katafila ne, don kada su kafe cikin rairayi.

Hanyoyin wancan zamani da hannu aka yi su. Talakawa aka riƙa kamawa aikin dole, suna sare itatuwa, suna ɗaukar duwatsu a ka. Sai a 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulki. Hanyoyin kuwa na ƙasa ne. Da rani rairayi da gargada, da damina laka. In Maggiya ta kawo ruwa, sai a jira ta sauka. Motar birni ba ta iya wannan wahala. Ana bukatar wata iri dabam.

Yadda aka haife ta

An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Ingila ta fito daga yaƙin da talauci, ƙarfe kuma ya yi wuya. Gwamnati ce ke raba shi, tana fifita kamfanin da ke sayar da kayansa ƙasashen waje. Akwai wani kamfani mai suna Rover a garin Solihull, kusa da Birmingham. Motocin alfarma ya ke yi, masu sayensu kuwa sun yi ƙaranci.

Ƴan'uwa biyu ke riƙe da kamfanin. Spencer Wilks shi ne shugaba. Ƙanensa Maurice Wilks shi ne babban injiniya. Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey. A gonar yana aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka, wadda yaƙi ya bari. Da ita ya ke jan kaya, da ita ya ke shiga caɓi. Sai suka yi shawara su ƙera irin tata da kansu, don manoma. A 1947 suka yi ta gwaji, sitiyarinta a tsakiya kamar na tarakta. Daga baya suka mai da shi gefe. Ran 30 ga Afrilu 1948 aka nuna ta ga duniya a birnin Amsterdam na ƙasar Holan.

Ku lura da abu uku a nan, domin za mu komo kansu.

Na ɗaya, rashin ƙarfe ya sa aka yi jikinta da alminiyom, irin farin ƙarfen nan da masu tukwane ke narkawa. Akwai shi da yawa a lokacin, saboda da shi aka yi jiragen saman yaƙi. Alminiyom ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Har koren fentinta na farko ragowar fentin jiragen soja ne.

Na biyu, ƙashin bayanta, wato shasi, da baƙin ƙarfe aka yi shi. Falle huɗu aka haɗa da walda, suka zama kamar dogon akwati mai rami a ciki. Guda biyu aka jera, aka gitta musu wasu, kamar tsani. Kan wannan tsani aka ɗora inji da giya da jiki, aka ɗaure da noti.

Na uku, ba su da kuɗin sayen manyan injunan lanƙwasa ƙarfe. Saboda haka jikinta ya fito a miƙe, ba ado. Kusan kome nata ana kwance shi da sifana, a mai da shi da sifana. Don manomi aka yi ta, wanda ke nesa da gareji.

Kamfanin ya ɗauka zai yi ta shekara biyu ko uku, kafin kasuwar motocin alfarma ta dawo. Sai ga shi ba a daɗe ba ta fi su ciniki. A 1976 aka ƙera ta cikon miliyan ɗaya.

Zuriyarta, da yadda ake gane shekarunta

Land Rover iri-iri ce. Ta fari ita ce ta 1948 zuwa 1958. Ƙarama ce, gefenta a miƙe sak. A 1957 aka fara sa mata inji mai shan gazuwal. A 1958 ta biyu ta fito. Ta fi faɗi, gefenta kuma ya ɗan lanƙwasa ƙarƙashin taga. A 1961 aka ɗan gyara ta. Ta uku ta fito a 1971, aka yi ta ƙera ta har 1985. Daga ta biyu zuwa ta uku, tsawo iri biyu ne. Akwai gajera, wadda tsakanin tayarta ta gaba da ta baya inci 88 ne. Akwai doguwa mai inci 109. Yawancinsu injinsu mai silinda 4 ne, na lita biyu da kwata.

Ga alamun da za ka duba. In fitilunta na tsakiya, kusa da juna, ta girmi 1969. In suna gefe bisa kafaɗunta, bayan nan aka yi ta. In ragar gabanta ta waya ce, agogunanta kuma na tsakiyar gaba, ta girmi 1971. In ragar ta roba ce, agoguna na gaban direba, to, ta uku ce. Duk waɗannan sifirinsu na falle-falle ne, irin na kamyo. Mai sifirin naɗaɗɗe ta fito ne daga 1983, ita ce aka raɗa wa suna Defender a 1990.

Sitiyari ma yana ba da labari. Har zuwa Afrilu 1972, a Nijeriya hannun hagu ake bi, kamar Ingila, sitiyari kuwa yana dama. In ka ga tsohuwa mai sitiyari a dama a wajenmu, mai yiwuwa daga can ta ƙetaro.

Aikinta a ƙasarmu

Maƙwabtanmu na kudu sun riga mu sabawa da ita, domin motar Ingila ce, Ingila kuma ke mulkinsu. Di'o da ma'aikatan En'e da ita su ke rangadi. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato kuwa bai kai kilomita 100 ba. Abin da ya shiga kasuwar Sakkwato ba ya daɗewa bai iso Ƙonni ba, ta Illelar Nijeriya.

Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, ayyuka suka yawaita a karkara. A 1962 aka fara babban gangamin allurar shanu don kashe bushiya, a Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru. A wannan shekara aka kafa UNCC, mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi. A 1966 ma'aikatar siminti ta Malbaza ta fara aiki. Asibitin Galmi kuwa tun 1950 ya ke karɓar marasa lafiya. Duk waɗannan ayyuka suna bukatar mutum ya isa ƙauyen da ba hanya. Mota mai ja da ƙafa huɗu ita ce ke kai shi.

Sai fari ya zo, ya tsananta a 1973 da 1974. Manyan kamyo na sauke hatsin taimako a manyan garuruwa. Ƙananan motoci masu ja da ƙafa huɗu ke kai ma'aikata da magani cikin ƙauyuka da ruggage. Bayan fari gwamnati ta mai da hankali ga noman rani. A 1978 aka kafa ONAHA. A wannan zamani aka yi babban aikin ban-ruwa na Ƙonni, mai shan ruwan Maggiya daga madatsun Mozage da Zango. Masu awo da injiniyoyi ma irin wannan mota su ke shiga.

In mota ta tsufa a hannun gwamnati ko wani aikin raya karkara, akan yi gwanjonta. Ta nan ta shigo hannun ƴan kasuwa. Suka cire kujerun baya, suka ƙara mata sifirin, suka sa ta bin kasuwannin ƙauye. Mutane a ciki, buhuna a sama, karen mota a rataye a baya. Ta ɗauki abin da maƙeranta ba su taɓa zato ba.

Abin da ya kwantar da ita

Abu na fari kwalta ne. Cikin shekarun 1960 da 1970 aka riƙa shimfiɗa shi a babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta biyo Doso da Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi, ta wuce Maraɗi da Damagaram. Wajen 1980 aka gama hanyar Tawa zuwa Arlit saboda uraniyom. Bisa kwalta Land Rover ba ta da gudu, ga shan mai. Peugeot 404 da 504 sun fi ta sauri da sauƙi. Tun 1975 kuma ake haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta suka cika kasuwa.

Abu na biyu Toyota ce ta Japan. Land Cruiser ta samu sunanta a 1954, Hilux ta fito a 1968. Injin Land Cruiser ya fi girma, ba ta kuma yawan zuwa gareji. A daidai lokacin, kamfanin Rover ya faɗa cikin wani babban kamfani mai suna British Leyland a 1968. Yajin aiki da rashin kuɗi suka dame shi, aka daɗe ba a sabunta motar ba. Sannu a hankali gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka koma Toyota.

Abu na uku tsadar kayan gyara. A Afrilu 1984 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986. Ga yunwar 1984 a kai. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, kayan da ake sayowa Turai suka ninka kuɗi. Mai mota ya ajiye ta don rashin ƙarfe guda, yana cewa sai bayan kaka. Kaka ta bi kaka, mota na nan. Daga baya babura masu arha suka shigo, kabu-kabu ya karɓe ƙananan tafiye-tafiye.

Ran 29 ga Janairu 2016 aka ƙera ta ƙarshe a Solihull, bayan shekara 68, an yi fiye da miliyan biyu. Akwai sabuwa mai suna Defender, amma wata mota ce dabam, mai kwamfuta a ciki. Tsohuwar kuwa ta zama abin marmari a Turai. A 2016 kamfanin da kansa ya shiga neman na fari yana sabunta su yana sayarwa. Har yanzu akwai masu ƙera kayan gyaran tsofaffin a Ingila.

In ka yi niyyar tada ɗaya

Fara da takardu, tun ba ka taɓa sifana ba. Nemi kat-giriz, da takardar duwan in daga waje ta shigo. Duba lambar shasi. Tana kan wani ɗan falle cikin ɗakin direba, an kuma buga ta jikin shasi a gaba, hannun dama, inda sifirin ya rataya. Lambar nan ta yi daidai da ta takarda. In motar gado ce, sai magada duka sun yarda, a rubuta, a sa shaidu. Motar da ba takarda, ko ka gyara ta, jandarma na farko zai tsai da kai.

Na biyu, shasi. Ka tuna jikinta alminiyom ne. Yana iya yin kyau alhali ƙashin bayan ya ruɓe. Kyan ɗan maciji ke nan. Ɗauki ƙaramar guduma ka shiga ƙarƙashi. Ƙwanƙwasa shasi daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe sai ka ji shi dum, tsatsa na zuba. Duba ƙarfen da ya gitta can baya, da ƴan hannuwan da ke riƙe jiki, da inda sifirin ya kama. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta kai ta bakin teku ba. Amma laka na shiga ramin shasi ta zauna, ta ci shi daga ciki. Ga kuma tsagewa saboda lodi da gargada. Bangon da ke tsakanin inji da direba shi ma baƙin ƙarfe ne, duba wajen ƙafafu. Ƙaramin rami mai walda zai toshe. Shasin da ya karye ko ya karkace, bar shi.

Na uku, burki da sitiyari. Motar da ba ta tashi ba ta kashe kowa. Wadda ta tashi ba ta tsayawa ita ce abin tsoro. Robobin burki na bushewa in mota ta daɗe ajiye. Sake su duka, da tiyo, da man burki. Kada ka hura ƙurar burki da baki, tana cutar da huhu. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Girgiza sitiyari ka ga ko yana wasa da yawa.

Na huɗu, inji. Kada ka ɗaura batir ka murza makulli haka kawai. Cire buji, ɗiga ɗan baƙin mai cikin kowane rami, bar shi ya kwana biyu. Sannan ka juya inji da hannu. Tsofaffin suna da ƙarfen tayarwa da ake zurawa ta gaba. In ya juya, da sauran rai. Juye tsohon baƙin mai, wanke tanki da kafireto, duba lagireto ko yana yoyo. Ban da inji, akwai wurare 7 masu shan man giya mai lamba 90: babbar giya, ƙaramar giya, aksul na gaba da na baya, ƙwallayen nan biyu na bayan tayun gaba, da akwatin sitiyari. Land Rover ba ta rabuwa da ɗan ɗigo, saboda haka a riƙa dubawa.

Na biyar, wuta. Nan sabon shiga ke yawan ƙona kaya. Waɗanda aka yi kafin 1967, kan batir mai alamar tarawa shi ake haɗawa da jikin mota. Na baya kuwa, mai alamar ɗebewa. Tambayi mai gyaran wuta kafin ka ɗaura. Ɓeraye da rana sun ci rigar wayoyi, sai a bi su ɗaya-ɗaya.

Fenti da kujeru su ne na ƙarshe. Da yawa sun fara da fenti, kuɗi ya ƙare, mota na sheƙi bisa duwatsu.

Wasu ƙananan abubuwa

Notinta na awon inci ne, na Ingila. Sifanar Peugeot da ta Toyota na milimita ne. In ka matsa da wadda ba tata ba, za ka cinye kan noti. Nemi nata.

Kusa da giya akwai sanduna biyu. Mai kai rawaya, in ka danna shi, ƙafa huɗu ke ja. Mai jan kai, in ka jawo shi baya, mota ta koma ƙaramar giya mai ƙarfi, don laka da hawa. In ka hau kwalta, mai da ita ja da ƙafa biyu, in ba haka ba giya za ta wahala. Sandar ƙarfen da ke juya tayar baya takan karye in lodi ya yi yawa. Tsofaffin direbobi ba su tafiya sai da wata a ajiye.

Kada ka kwanta ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Tokare ta da kututture mai ƙarfi. Kada a yi walda kusa da tanki, ko da an ce ba mai a ciki.

Sami littafi guda don motar. Rubuta kowane ƙarfe da ka cire, da inda ka cire shi. Zuba notin kowane wuri cikin gwangwaninsa. Rubuta duk dalar da ta fita. Nemi tsohon makanike wanda ya yi aikinta da ƙuruciya, a Ƙonni ko Tawa ko Sakkwato. Kai shi ya gan ta kafin ka biya kuɗi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Irin waɗannan tsofaffi raguwa su ke yi, mai son koyo ya gaggauta.

Lissafi kafin ciniki

Mai shan isansi tana iya shan lita 15 ko fiye a kilomita 100. Ƙara kuɗin taya 5, da batir, da asiransi, da ladan mai walda. Sannan ka tambayi kanka aikin da za ta yi. In kwalta za ka bi kullum, wata mota ta fi ta. In ƙauyenku na bayan fadama ne, inda damina ke yanke ku daga asibiti, nan ne amfaninta ya ke. Mutum biyar ko goma na iya haɗa kuɗi, su naɗa mai riƙon littafi, su ajiye wani abu daga kowace tafiya don gyara.

In lissafi bai fita ba, ko shasi ya mutu, kada ka yi saurin kai ta wajen masu narka tukwane. Giyarta da aksul da ƙofofinta na iya tada wata. Sayar da su ga mai bukata, ka riƙe kuɗin irin albasarka.